Gwangwanaye Uku na Baba Salko

Bana azumi ya dawo cikin sanyi, kamar yadda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ranar uku ga wata aka yi yayyafi a Ainu Shams, irin ruwan Alƙahira wanda ba ya wanke titi sai dai ya kwaɓa shi. Ina zaune a shagona da la'asar ina wanke keken ɗinki da kananzir, sai wani jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka, gilashin ƙofa ya yi ta rawa. A unguwar nan ba mai ɗaga kai don jirgi, filin saukarsu ba shi da nisa da mu. Amma ranar da sanyin da warin kananzir da ƙarar injin suka haɗu mini wuri ɗaya, sai na ajiye tsumman na zauna, har aka kira salla ban taɓa komai ba.

Ni ba marubuci ba ne. Karatun da ya kawo ni Masar ma ban ƙarasa shi ba. Ina so ne kawai in faɗi abin da na yi wa wani tsoho, tun ina da bakin faɗa.

Sunana Isma'ila, Bakano ne ni, ɗan tela. A waccan shekarar ina shekara ta biyu a karatun addini, ina zaune a hawa na uku na wani tsohon bene. Watanni kaɗan kafin azumi ƙasa ta girgiza a Alƙahira, ta bar tsaga a bangon matakalarmu wadda hannu yake shiga. Mu huɗu ne a gidan, amma biyu sun tafi umara da neman abin sawa a baka, saura ni da Idi. Idi mutumin Damagaram ne, ya girme ni da shekara bakwai, shi ne mai girkinmu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bakano.

Sanyin shekarar ya ci mu. Misirawa suna kiran watan Amshir, watan iska. Iskar takan biyo ta tagar da ba ta rufuwa daidai, mu cusa tsofaffin jaridu, ta ture su. Ruwan famfo da asuba kamar wuƙa, in ka yi alwala sai yatsunka su ƙi tanƙwaruwa. Ɗan tallafin da ake ba ɗalibai ya yi jinkiri, ba wanda ya san ranar zuwansa. Sahur ɗinmu wake ne da gurasa, ranar da Allah ya yi buɗi a ɗiga mai a kai. Da hantsi Idi ya tafi layin gurasa, ni in tafi makaranta a tsaye cikin bas, in dawo da azahar in hau keke. Ina da wani tsohon keken ɗinki da na saya a hannun wani Basudane, ina ɗinka wa matan Sudan da ke unguwar kayan yara, da shi muke toshe ɓaraka. Da la'asar Idi ya kunna risho. Babu gero, sai ya jiƙa shinkafa ya niƙa da gyaɗa ya dama mana kunu, ya ce in rufe ido in sha, zan ga Damagaram. Kananzir kuwa a kwalba muke saye wurin mai amalanke da alfadari, muna lallaɓa shi kamar turare. Risho ɗaya ne, shi ne murhu, shi ne abin jin ɗumi. In an sauke tukunya mukan bar shi minti biyar mu kara hannu, sannan Idi ya hure.

Duk da haka, kullum kafin a sha ruwa Idi sai ya zuba kunu a kofi da ɗan abin da aka dafa a kwano, ya ce, "Bakano, hau da wannan." Hawa na biyar ake kaiwa, wurin Baba Salko.

Salko sunansa, ya ce a ƙasarsu haka suke gajarta Salihu. Bature ne dogo, ya ranƙwafa, idanunsa shuɗɗa kullum da ruwa a ciki. Mutumin Bosniya ne, daga ƙasar da a da ake kira Yugoslabiya. Ya yi shekaru yana aikin injuna a wata masana'anta a Masar, matarsa ta fari ta rasu can gida, ya auri Bamisira, ita ma ta rasu ta bar shi a ɗakinta. Da ƙasarsu ta wargaje yaƙi ya ɓarke, fanshonsa ya tsaya. Sai ya koma gyara wa matan unguwa risho, su biya shi da abinci. Yana da 'ya ɗaya, Emina, tana Sarayebo da mijinta da yara biyu, an yi wa garin ƙawanya ana ta ruwan wuta a kansu. Ba waya, ba wasiƙa. Kullum rediyonsa a kunne.

Sanadin sabawarmu keken nan ne. Ya tsaya mini cak ana saura kwana biyu azumi, ga ɗinkin mutane. Ammu Ragab, mai gadin benen, ya ce in kai wa Baturen sama. Na ɗauki kan keken na hau. Baba Salko bai buɗe shi ba. Ya ce in juya, ya kara kunnensa ya rufe ido.

"Sake juyawa. A hankali, ya ibni, ba niƙa kake ba."

Ya ibni, wato ɗana, haka yake kirana. Na sake. Ya nuna wani wuri da yatsa, ya ce a nan ciwon yake. Ya kwance, ya wanke da kananzir, ya ɗaure, keken ya tashi kamar sabo. Ya ce inji yana magana, mutane ne ba sa saurare. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce a jikin jirgin sama.

Tun daga ranar, in na kai kwano nakan ɗan tsaya, shi kuma ya ba ni labari gutsure-gutsure da Larabcinsa mai nauyi. Ya ce lokacin babban yaƙin duniya yana saurayi, Jamusawa suka mamaye ƙasarsu, ya bi masu yaƙin sunƙuru cikin duwatsu. Ba su da takalma ma, balle jirgi. Wata rana wani matuƙi ya gudo daga wajen abokan gaba da jirginsa, ya sauka a wata makiyaya. Jirgin katako ne da zane. Shanun noma suka ja shi zuwa gindin itatuwa, mutanen ƙauye suka lulluɓe shi da rassa. In ya fita ya dawo da hujin harsashi a fiffike, Baba Salko ne mai ɗinkewa, da allurar da mahaifiyarsa take ɗinke buhu.

"Ka ga ni ma tela ne," ya ce. "Kai kana yi wa yara riga, ni na yi wa jirgi."

Ya ce bam ɗinsu ma da bututun ruwa suke ƙerawa, mutumin da ke zaune a baya ya jefa da hannu. Daga baya aka ƙetarar da su teku zuwa hamadar nan, Turawan Ingila suka koya musu manyan injuna. A nan ya fara jin kalmar ma'alish, wato ba komai, yi haƙuri, ya ce da ya san za ta yi masa amfani haka da ya fara koyonta tun a gida.

Ina jin daɗin labaran, amma akwai hoto a kan kabad ɗinsa da yake tsaya mini a rai: shi ne yana saurayi, da hula mai tauraro a goshi. Na san alamar 'yan gurguzu ce. Wata rana na tambaye shi ko yana salla a lokacin.

"Ban yi ba," ya ce. "Shekara arba'in ban yi ba. Yanzu nake yi, gwiwa tana zagina."

Ya faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, wannan ya ƙona mini rai. A lokacin ban daɗe da fara karanta littattafan aƙida ba, kaina ya cika. Ɗaliban da ke zaune a benen da ke kallon namu sun fara kirana Shehi, rabi wasa rabi gaske, ni kuwa na riƙe gasken na yar da wasan.

Ranar bakwai ga wata na hau saman bene kwaso shanya dab da magariba. Sai na tarar da shi can. Ya jera gwangwanayen madara uku a layi, taku biyar-biyar tsakaninsu, kowanne da tsumma a ciki. Ana kiran salla ya jefa dabino a baki, ya tsiyaya kananzir, ya ƙyasta ashana ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ƙarshen layin ya tsaya, fuskarsa ga wutar, bayansa ga alƙibla, leɓensa yana motsi. Wani jirgi ya taho daga arewa da fitilunsa, ya wuce ta kanmu. Sai ya kife gwangwanayen da murfi, ya tattara. Bai gan ni ba, ina bayan tankin ruwa.

Na sauko na gaya wa Idi cewa tsohon nan wuta yake bauta wa.

Idi yana juya kunu, bai ɗago ba. "Ka tambaye shi?"

"Me zan tambaya? Da idona na gani."

"Ku Kanawa, ku karanta babi ɗaya ku nemi kujerar alƙali. Mutumin da yake shan kununa kullum, bamaguje ne ban sani ba? Hau ka tambaye shi, matakala ba ta cizo."

Ban hau ba. Washegari na ba ɗaliban benen can labari, na ƙara gishiri, na jawo hujjoji. Suka ce lallai Shehi sai ka kawar da wannan munkari. Na ji daɗin maganar har cikin ƙashina.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da na je wurin Ammu Ragab, ban yi masa maganar aƙida ba, don na san zai yi dariya ya ce in bar tsoho da Ubangijinsa. Sai na ce masa, bene ya tsage, ga tarkace a sama, ga baƙo ɗan wata ƙasa yana kunna wuta a layi daidai lokacin saukar jirgi. Na ce in hukuma ta gani, wa za a fara tambaya in ba mai gadi ba? Na ga fuskarsa ta canza. Mutum ne mai 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya ƙarƙashin matakala. Kafin la'asar ya sa kwaɗo a ƙofar sama. Ranar goma ga wata ce.

Baba Salko bai daina hawa ba. Kullum dab da magariba sai ya fito da gwangwanayensa a leda, ya taka matakala goma sha huɗun da ke kaiwa ƙofar sama, ya taɓa kwaɗon, ya zauna a kan ta ƙarshe. Wurin ya fi ko'ina sanyi a benen, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da ta tsagar bango. A nan nake samunsa da kwanon Idi. In jirgin ya wuce sai ya daina tauna har ƙarar ta ɓace.

"Isma'il," ya ce mini, "kai ka iya Larabcin littafi. Yi wa Ragab magana. Ni in na yi sai ya ce umarni ne daga sama. Wace sama? Ni ne a sama."

Na ce in sha Allahu.

Ya fara tari. Ranar sha bakwai na same shi ya lulluɓa da bargo, ya ce in zauna, akwai saura kafin a kira. Na zauna ƙasa da shi da matakala biyu. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

Ya ce a shekara ta uku ta yaƙin, aikinsa kunna wuta ne. Jiragen ƙawayensu sukan zo cikin duhu su kwashi masu rauni daga wani fili tsakanin duwatsu. Ba fitila, ba waya. Wuta uku ake kunnawa a layi, matuƙi ya gani ya san inda zai sa ƙafa. Ba a kunnawa sai an ji inji, don kada jirgin abokan gaba ya gani. Wata rana cikin dusar ƙanƙara suka shimfiɗa masu rauni a bakin filin, cikinsu har da wansa, Hasan, an harbe shi a ciki. Aka ji ƙara. Shugabansu ya ce kada a kunna, na Jamusawa ne.

"Ni na san namu ne," ya ce. "Kunnena ya gaya mini. Inji biyu, na hagu yana ɗan tari. Ashana tana hannuna. Amma mutumin yana da bindiga da muƙami, ni ina da shekara sha tara. Na ji kunyar in yi masa gardama a gaban mutane. Jirgin ya zagaya sau uku yana neman wuta, ya juya. Bai dawo ba sai bayan kwana biyar. Hasan ya yi uku."

Ya yi tari mai tsawo, ya share baki.

"Na san matuƙin wannan jirgin ba ya ganin gwangwanina, ya ibni. Ban haukace ba. Yana da fitilu dubu a gabansa. Amma daga wajenmu yake tahowa, kuma in Allah ya fitar da Emina, a irinsa za ta zo. A garinmu in an sha ruwa fitila ake kunnawa a hasumiya. Sai na ce bari in haɗa biyun, in kunna, in roƙi Allah. Ba na iya zama a ɗaki jirgi yana wucewa a kan duhu."

Aka kira salla. Na miƙa masa kofin.

Da a ce ni mutumin kirki ne, da daga nan wurin Ammu Ragab zan sauka. Ban sauka ba. Na yi ta juya abin a raina: in na ce a buɗe, me zan ce wa Ragab, me zan ce wa masu kirana Shehi? Na ce gobe. Goben ta zama jibi. Tsohon yana zaune a iska, ni ina wucewa da kwano.

Idi ne ya gano. Ya je roƙon Ragab da kansa, Ragab ya ce ai abokinka ne ya zo da maganar. Ranar ashirin ga wata, yana haɗa bargonsa zai shiga itikafi a masallacin unguwa, ya ajiye makulli a kan keken ɗinkina.

"Isma'ila," ya ce. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. "Na rantse wa Ragab in wani abu ya faru ni za a kama. Ga shi. Kai ka rufe, kai za ka buɗe. Shinkafa tana cikin tukunya, gyaɗa tana leda, kada kwanonsa ya yanke."

Bai jira amsa ba ya fita.

Na sa makullin a aljihu ya kwana biyu. A rana ta uku na hau da kwano ban same shi a matakala ba. Yana kwance a gado, jikinsa zafi kamar bakin risho, numfashinsa yana ƙara irin ta keken da ya sha ƙura. Matar Ragab ta kawo masa romo bai taɓa ba. Na fito da makullin na nuna masa. Na ce Ragab ya sauko, ya yarda a buɗe. Ban ce masa komai game da kaina ba.

Ya yi murmushi, ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya gwada sau biyu. Sai ya nuna ledar da ke bayan ƙofa, da kwalbar kananzir, da ashana a kan kabad kusa da hoton.

"Taku biyar tsakani. Ka fara da na arewa. Yalla, yi sauri, rana ta kusa faɗuwa."

Na buɗe kwaɗon na fita. Sama ta yi ja, iska tana kaɗa igiyoyin shanya. Na jera gwangwanayen, na ƙirga taku. Na ɗauko kwalbar ke nan sai na ji an kira ni. Ɗaliban benen can ne, su biyar, sun shimfiɗa tabarma a samansu suna jiran shan ruwa. Tsakaninmu bai fi faɗin lungu ba.

"Shehi, barka da war haka. Me kake yi da kayan bokan?"

Na tsaya da kwalba a hannu, murfinta a rufe.

"Zubarwa zan yi," na ce.

"Allah ya ƙara wa Shehi ilimi."

Aka kira salla. Na tura gwangwanayen gindin tanki da ƙafa. Jirgin ya taho daga arewa, ya wuce ta kaina, na ji ƙararsa a haƙorana. Na jira kamar yadda tsohon yake jira, sannan na sauko.

"Ka kunna?"

"Na kunna, Baba."

"Duka ukun?"

"Duka."

Ya miƙo hannu, na ba shi nawa. Na zaci godiya zai yi. Sai ya ja hannun zuwa fuskarsa a hankali, ya kai shi hancinsa, ya shaƙa. Ya juya tafin, ya sake shaƙa. Hannuna ba ya warin komai sai sabulun alwala. Bai sake shi nan da nan ba, ya riƙe shi a ƙirjinsa, ina jin numfashin yana hawa yana sauka.

"Ma'alish, ya ibni," ya ce. "Ni ma na taɓa riƙe ashana ban ƙyasta ba."

Na tashi na sauka ɗakinmu. Azumina ma ban buɗe ba sai da aka yi isha.

Washegari aka wuni ana ruwa, na gaske, lunguna suka cika da taɓo. Na bar makaranta da wuri, bas ya maƙale a hanya, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Ban tsaya ɗakinsa ba, na wuce sama kai tsaye. Na zazzage ruwan da ke cikin gwangwanayen, na yagi gefen rigata na ciki don tsummansa ya jiƙe, na tsiyaya kananzir har ya zubo mini a hannu da hannun riga. Ashana ta bakwai ce ta kama. Ba kowa a benen can, ruwa ya kore su, don haka ba zan ce na yi jarumta ba. Wuta uku suka tashi suna hayaƙi, jirgin ya wuce cikin gajimare, ban gan shi ba sai ƙara.

Na sauko da gudu ina riƙe da hannuna a gaba kamar mai ɗauke da wani abu. Ƙofarsa a rufe. Matar Ragab ta ce tun azahar numfashi ya gagare shi, maƙwabta suka sauko da shi a kan kujera aka kai shi asibiti. Na je. Sun sa masa abin numfashi ya rufe hanci da baki, idanunsa a rufe. Na tsaya a gefen gadon, na kai hannuna kusa da fuskarsa, wata ma'aikaciya ta ce in matsa, ina warin mai, wurin nan akwai iskar da ke kama wuta. Aka fitar da ni.

Bai farfaɗo ba. Ya rasu ana saura kwana uku salla. Idi ya fito daga itikafi ya yi masa wanka, ni na zuba ruwa. Mu tara muka bi gawarsa, har da Ammu Ragab yana kuka yana cewa da ya sani da bai sa kwaɗon ba. Na bar shi yana ɗaukar laifin, ban buɗe baki ba.

Sai bayan babbar salla wasiƙa ta zo, ta hannun masu aikin agaji, da sunansa a bayanta. Wani ɗalibi ɗan ƙasarsu ya karanta mana. Emina tana raye, ita da yaran. Mijin ya mutu a layin ɗiban ruwa. Ta ce kada Baba ya damu, kada ya zauna cikin sanyi, ya riƙa sa hular ulu. Muka ba da amsa, ɗalibin yana rubutawa. Idi ya faɗi ranar rasuwa da inda kabarin yake. Ɗalibin ya dube ni ya ce ko akwai abin da zan ƙara. Na ce ya rubuta cewa maƙwabtansa sun kula da shi.

Idi ya koma Damagaram bayan shekara biyu, ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Ya ci gaba da yi mini magana da girki da komai, amma bai sake kirana Bakano ba. Ni kuwa karatun ya zame mini, na faɗi jarrabawa sau biyu, na zauna a kan keke. Ba zan ce don wannan ne kaɗai ba, akwai lalacina a ciki.

Yanzu ɗaliban da ke kawo mini ɗinki suna zaune a shago suna ganin fuskar iyayensu a waya, uwa tana Gusau tana tambaya ko an sha ruwa. An ja wa gidaje bututun gas, mai alfadarin nan ya daɗe da ɓacewa, kananzir sai na aika can bakin kasuwa. Tsohon benenmu an rushe shi, an gina mai hawa goma sha biyu. Yarana suna cewa in koma man feshi na gwangwani, ya fi tsabta, in daina cika musu gida da wari. Matata takan ajiye mini lemun tsami a bakin famfo kafin in zauna cin abinci.

Warin ba ya fita. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina wanke keke yadda ya koya mini, kullum hannuna yana warin kananzir, har a sahu mutane sukan juyo su dube ni. Rana ɗaya tak aka nemi warin nan a hannuna, ranar kuwa babu shi. Wanda ya karanta wannan, in ya zo shan ruwa, ya sa Salihu ɗan Bosniya da wansa Hasan a addu'a. In akwai saura, ya sa ni.